Ƙofar da Muka Tsallake

Gwaggona ce ta riƙe ni tun da aka yaye ni, ita ce kuma ta tsaya kai da fata har aka bar ni na yi karatu na zama nas. Da ruwan madatsar Tiga ya cinye garinmu aka tashe su zuwa wani sabon matsuguni ta wajen Bebeji, ban taɓa zaton akwai ranar da zan shiga garin nan in wuce ƙofarta ba. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya a ɗakin shan magani na Tudun Wada, ina ji da farar rigata kamar ni na ƙago allura.

Wata shekara bayan kaka aka turo mana wata babbar sista daga Kano, da aikin bincike kan tsargiya, ciwon nan da ke sa yaro fitsarin jini. Tun da mutanenmu suka koma kamun kifi da noman rani, ƙafar yara ba ta rabuwa da ruwa, ana ta cewa ciwon ya yi yawa. Amma ji-ta-ji-ta ba ta sauko da magani daga Kano. Sai an san yawan yaran da ke ɗauke da shi a gari kafin a aiko. Ba kuma zai yiwu a duba kowane yaro daga Kiru har Doguwa ba, dole a ɗebi wasu su tsaya a madadin saura.

An taɓa gwadawa a garin su Gwaggo kafin zuwan sista. Aka aika wa dagaci ya tara yara, shi kuwa ya yi abin da kowane mai gari zai yi in aka ce baƙi na tafe. Iyaye mata suka zaɓo yaransu masu ƙiba da kuzari, suka yi musu wanka, suka sa musu kwalli da kayan salla. Masu rama da kumburin ciki aka bar su a ɗaka, don ba a fito da ramammen yaro gaban baƙo, balle a ce 'ya mace ce ke fitsarin jini. Aka duba waɗanda aka kawo, aka ce gari lafiya lau, magani ya wuce wasu garuruwan. Har yau ban ga laifinsu ba. Karamci suka yi, karamcin ya cuce su.

A cikin mota, muna kan hanyar garin su Gwaggo, sista ta yi mini bayani, ita ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ta ce, "Bincike iri-iri ne. Akwai wanda za a bi yara shekara da shekaru a ga wa zai kamu. Akwai wanda za a ba wasu magani a gwada su da waɗanda ba a ba ba. Namu zuwa ɗaya ne, a ga yadda gari yake yau. Amma shi ya fi saurin yin ƙarya in aka bar mutum ya zaɓa da son ransa. Kin taɓa ganin mai sayen dawa a kasuwa ya yarda da ta saman buhu?"

Na ce a'a, hannu yake turawa har gwiwar hannu.

Ta ce, "To, hannu za mu tura."

Dabarar kuwa ita ce, a ƙofar gidan dagaci aka ajiye kwalba a ƙasa aka murza ta. Inda bakinta ya nuna, nan za mu bi, mu shiga gida ɗaya mu tsallake uku, haka har ƙarshen gari. Dagaci ya daɗe yana kallon kwalbar tana juyi. Ya ce, "Ikon Allah! Yanzu ina zaune da raina, kwalba ce za ta nuna wa baƙi gidan da za su shiga?"

Sista ta ce, "Ranka ya daɗe, ita ba ta da suruki a garin nan."

Aka yi dariya, har da shi. Ni ma na dara, don ban riga na ƙirga ƙofofi ba.

Sai da muka shigo layin su Gwaggo na ƙirga. Gidan maƙwabcinta za mu shiga, nata yana cikin na tsallakewa. Ga ta nan tsaye a zaure da mayafi, tun safe labari ya kai mata 'yarta ta zo da manyan asibiti. Ta share tsakar gida, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ina hango ƙwaryar fura a rufe da faifai. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta.

Ta ce, "Gaisuwa a waje kamar mai talla? Ku shigo mana."

Na ce, "Gwaggo, aiki ne ya hana. Ba gidanki ƙirga ta faɗo ba."

Ta dube ni, ta dubi sista, sannan ta jawo ni ta yi ƙasa da murya. Jikarta, 'yar ɗanta da take riƙo, ita ce mai wanke-wanke a bakin ruwa, ta yi watanni tana fitsarin jini. Ranar da dagaci ya tara yara Gwaggo ta ɓoye ta a ɗaka. Yau ta yanke za ta faɗa, don ni ce na zo, wanda zai yi maka wanka kuwa ba ka ɓoye masa cibi. Na san abin da faɗin nan ya ci mata.

Na koma wajen sista raina a ɓace, na ce ga mai ciwo a gabanmu, wace irin ƙirga ce za ta hana mu shiga? Ta ce, "Yarinyar za a duba ta yau ɗin nan, ki komo da kanki in mun tashi. Amma ba za ta shiga ƙirga ba. In muka shiga don mun san akwai mai ciwo, mun yi irin ta dagaci ke nan ta ɗaya gefen. Waɗanda za su aiko da magani in suka gane mun zaɓa, duk aikin sai su watsar, garin ya sake rasawa."

Na ji haushinta ƙwarai, na kuma san gaskiya ta faɗa. Na koma na ce wa Gwaggo zan dawo da la'asar. Maƙwabta sun fito ƙofa suna kallo. Ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi, "Da ruwa ya zo bai tsallake ƙofata ba." Ta juya ta shige.

Da la'asar na dawo ni kaɗai. Ta ce fura ta yi tsami, ta ba awaki. Ta miƙo mini yarinyar da ƙullin kayanta, na tafi da ita Tudun Wada aka yi mata magani ta warke. Kafin damina kuma magani ya iso garin gaba ɗaya, don a wannan karon ƙirga ta nuna abin da ke cikin ɗakuna. Na ɗauka wannan zai wanke ni a wurin Gwaggo, amma ina. Ita ba magani ne damuwarta ba. Mace ce da aka raba da gidanta da kabarin mijinta, abin da ya rage mata a sabon wuri shi ne a ga wa ke shiga ƙofarta, kuma zumunci a ƙafa yake. Na yi mata bayanin buhun dawa ya fi a ƙirga, kullum sai ta ce ita ba dawa ba ce.

Na shekara talatin da wani abu ina aikin nan, na koya wa ɗalibai da yawa kada su bar zuciya ta zaɓa musu gida. Ina koyarwa da yaƙini, don na ga garin da ya sami magani saboda haka. Amma duk sanda na ce a tsallake uku, sai in ga tabarmar nan a shimfiɗe, raina ya sosu.

Gwaggo ba ta daina yi mini magana ba, sai dai ta sauya mini suna, ta koma kirana 'yar kwalba, tana faɗa da wasa amma ba duka wasa ba ne. A ciwonta na ajali na ɗauki hutu na tafi jinyarta. Na yi sallama na shiga ɗakin, ta buɗe ido da ƙyar ta gane ni.

Ta ce, "'Yar kwalba, yau ta nuno ƙofata ke nan?"

Na ce, "A'a Gwaggo, yau ni na zaɓa."

Ta matsa mini wuri a gefen tabarmarta, ta ce wa jikar nan tata, wadda ta zama matar aure da goyo, ta tashi ta dama mini fura.