Ramin da Na Bari a Filin Kokawa

Shekarar da ƙanena ya fara kayar da manyan 'yan kokawa, ni aka ɗora wa gyaran fili. A ƙauyenmu, kusa da Agiye, gonar da aka girbe ita ce fili: a tumɓuke kututturen gero, a cike ramukan, a daddaɓe. Ni kuwa Allah ya yi ni da gaggawa. Rami ɗaya na gefen gabas, rairayi kawai na tura masa da ƙafa, na tafi shan fura.

A nan ƙafar ƙanena ta dama ta nutse, suna tsakiyar kamawa da wani ɗan garin Cadawa. Ina kallo idon sawun ya lanƙwashe. Kafin la'asar ya kumbura kamar curin fura.

Maɗori ya lallatsa ƙashin, ya ce babu karaya, targaɗe ne. Malamin likita a Agiye ya sa shi ya taka, ya kama diddigen ya ja, ya ce jijiya ta yage. In bai huta wata biyu ba, shi da kokawa sai kallo.

Kawunmu, tsohon ɗan kokawa, ya yi tsaki. "Wace jijiya? Jifa ce, ɗan Cadawan nan ya bizne wani abu. In yaron nan ya zamna gida, sai su ce ta kama shi."

Na ce, "Kawu, ni na bar ramin nan."

"To wa ya ɗauke maka hankali har ka bar shi?"

Na rantse, na kai su wurin, na tona suka gani: babu laya, babu komai. Kawu ya ce an riga mu tonowa. Ban taɓa jin na rasa abin yi ba kamar ranar.

Mako ya zagayo ƙanena ya shiga fili, layu har damtse, yana cije leɓe don kada a ga ɗingishinsa. Ba a ko taɓa shi ba ƙafar ta sake gurɗewa, ya zube.

Yanzu amalanke yake korawa, kuma ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya ƙafar takan gurɗe. Har yau ba ya gaisawa da mutumin Cadawa. In na sake tayar da zancen ramin, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, daina damun kanka. Kai mi ka sani a ciki?"