Ranar da na hana Mai Hoto ruwa

Bana shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar maigidana. Dattawan Agadas sun san shi da Mai Hoto, sukan haɗa da sunansa. Ni ban taɓa kiran sunan nan ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. Ƴaƴanmu sun watse, babban yana Yamai, mai bi masa yana Arlit, autar tana aure a Iferwan. Gidan da a dā sai an ɗaga murya kafin a ji juna, yanzu ni kaɗai ce a ciki.

Na'urarsa ta katako ce mai ƙafa uku, sai ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle kafin ya ga abin da zai ɗauka. Fim ɗinta falle-falle ne, kowane ya fi tafin hannu faɗi, kuma falle ɗaya hoto ɗaya ne. A ƙuryar ɗakinmu da ba ta da taga yake wanke su, da sassafe, tun ruwan randa bai ɗumama ba.

Hanya biyu yake da ita ta wanki. Akwai wani baƙin gwangwani mai murfi da ya saya wurin wani Bature da ya ƙetaro hamada. Ana jera fallayen a ciki a rufe, hannu ba ya taɓa su, amma sai an cika shi fal da magani da ruwa ko da falle ɗaya za a wanke. Akwai kuma faranti, wanda ɗan abin da zai rufe fallen ya isa, sai dai cikin baƙin duhu ake yi, hannu tsundum cikin magani, ga zafin garinmu yana sa fuskar fim ta yi laushi, ko farce ya shafe ta ya ɓata. Gwangwanin nan shi ne abin alfaharinsa. Nakan tsokane shi cewa ya fi kula da shi a kan ƴaƴansa, bai taɓa musawa ba.

Sai fari ya zo. Lokacin sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, manyan motocin kamiyon da ke shigowa daga kudu hatsin taimako kawai suke kawowa, ba wanda ke tunanin fim ko maganin hoto. Makiyaya suka cika bayan gari, dabbobinsu sun ƙare. Ni ke bin layin famfo in na taso daga lakwal inda nake koyarwa, wata rana in dawo da bokiti ɗaya, wata rana in dawo da ciwon ƙafa kawai.

A cikin haka wani dattijo makiyayi daga wajen Adarbisinat ya tsaya a ƙofar gidanmu, riƙe da akalar farin raƙumi wanda tozonsa ya kwanta. Ya ce shi kaɗai ya rage masa cikin garke, kuma daga nan wurin mahauta zai kai shi, don ba zai ƙara mako ba. Yana so jikokinsa su ga cewa kakansu ya taɓa mallakar raƙumi. Falle ɗaya ya rage a gidan. Maigidana ya ɗauki hoton, dattijon ya gyara rawaninsa ya ja akala ya tafi.

Da gari ya waye na ga maigidana ya fito da gwangwani ya nufi randa. Na riga shi isa, na zauna a kan murfinta.

"Hajo, tashi. Raƙumin nan an yanka shi tun jiya. In fallen ya lalace ba wani."

"In ka cika wannan abin, Malam, da me zan dafa wa yara? Ga faranti can."

"Faranti a wannan zafin? Hannuna zai ɓata shi."

"To ka yi a hankali."

Ya daɗe yana kallona, ni kuwa ina kallon ƙasa, amma ban tashi ba. Daga baya ya ajiye gwangwanin, ya miƙo ƙwarya, na auna masa da moɗa kamar mai raba magani. Ya shiga ƙurya, na toshe masa ƙofa da barguna. Ina zaune a waje ina jin motsin ruwa a faranti, na kuma san in hoton ya ɓaci dattijon ba shi da inda zai kai kuka. Wajen ɗauraya ma dabara ya yi, yakan zuba kaɗan ya bar fallen ya jiƙa, ya zubar, ya sake zuba kaɗan. Ruwan nan ko akuya ba a ba ta, don akwai magani a ciki.

Hoton ya fito. Ga dattijo tsaye, ga raƙumi ya ɗaga kai kamar ba shi ne ke jin yunwa ba. Amma a kusurwar ƙasa, kan yashi, shatin babban yatsan maigidana ya zauna raɗau, har layukansa ana gani. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya yi kwanaki ba ya yi mini magana sai ta dole, yana cewa bai taɓa fitar da aiki mai tabo ba sai da na sa baki. Dattijon kuwa da ya zo karɓa ko lura bai yi ba. Ya riƙe takardar da hannu biyu ya ƙura wa raƙumin da ke ciki ido, sannan ya ce, "Haka yake riƙe kansa." Ya sa ta cikin riga ya tafi, ba mu ƙara jin labarinsa ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Jikokina in sun zo hutu sukan ɗauke ni da salula sau ba adadi, su duba, su goge, su sake, ba ruwa ba duhu ba jira. Na san zai yi tsaki ya ce wannan ba aiki ba ne, na kuma san da sun juya baya zai ɗauki abin ya yi ta jujjuya shi. Abin da zai fi damunsa shi ne ba wanda ke tsayawa ya gyara rawani kafin a ɗauke shi.

Gwangwanin ya tsage, na'urar tana Yamai tana yi wa falo ado. Hotunansa biyu suna bango, sai dai wasu ne suka ɗauka, kuma a ciki ya ɗaure fuska yadda ba ya yi a gida. Fallen raƙumin yana cikin akwatina. Cikin duk abin da ya bari, nan ne kawai jikinsa ya taɓa alamar ta zauna, kuma aikin da ya fi jin kunyarsa ne.

In kewa ta yi mini yawa da la'asar, nakan fito da shi in ɗaga wa haske. Doka ce a gidan nan ba a taɓa fuskar fim, ko ni ban isa ba. Yanzu nakan ɗora yatsana a kan nasa in daɗe, ina jiran a yi mini faɗa. Allah ya jiƙanka, Malam.