Farcen Hannun Dama

Ina shekara ta biyu a jami'a a Tianhe, can ƙasar Sin, na fara koyon jita wurin wata malama 'yar Sin. Ba waƙoƙin zamani take koyarwa ba. Kiɗan Turawan dauri ne, wanda aka tsara wa wani abin kiɗa mai tumbi kamar rabin ƙwarya da ake kira lut, ita kuma tana kaɗa shi da jita. Ta ce in bar farcen hannun dama ya yi tsawo, da shi ake tsinkar tsirkiya. Na bari.

Lokacin baje kolin Pazhou, wani Alhaji aminin mahaifina ya zo daga Kano sayen kaya, na zama tafintansa. Ranar nan bayan azahar ya kai mu cin tuwo, mu da abokan kasuwancinsa, aka ajiye faranti ɗaya a tsakiya. Ina miƙa hannu ya tsaya da lomarsa.

"Kai, wannan akaifa fa? Ciwo ne?"

"A'a Baba, jita nake koyo."

"Me?"

"Kiɗa, Baba."

"To! Ashe roƙo aka turo ka koyo Sin."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce in waƙe Alhaji ko ya yi min kyautar kwantena. Miyar kuka ta maƙale min a ƙarƙashin farce, kore shar, kowa na gani. Na janye hannu na ce na ƙoshi. Baba bai yi faɗa ba. Ya laluba aljihu ya ciro abin yanke farce, ya ajiye kusa da gwiwata, ya ci gaba da hirarsa. A bakin famfon wanke hannu na yanke faratan tas.

Da ranar darasi ta zagayo, sai na riƙa ɓoye hannun a aljihu. Malamar ta ce in kaɗa. Sautin ya fito a dushe. Ta kama yatsuna ta duba.

"Wa ya yi maka haka?"

"Ni ne."

Sai ta ce ai masu lut ɗin ma da tsokar yatsa suke kaɗawa, sai mu sake daga farko. Ba ta ƙara tambaya ba.

Na ci gaba da zuwa darasi har na gama karatu. Amma a ɗaki, sai na cusa safa ƙarƙashin tsirkiyoyin kafin in kaɗa, kada ɗan Nijar da ke maƙwabtaka da ni ya ji.