Yadda Dabo Ya Ɗaura wa Janareta Karkiya

Dabo maƙwabcina ne a Daura, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma duk wanda ya san kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa a shekarun baya ya san muryarsa. An haife shi a wani ƙauye kusa da Dutsi, a gidan da ba a san wata sana'a ba sai noma da fataucin shanu. Tun yana saurayi yake dafa ƙugun bijimi, ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya faɗi shekarunsa da irin gonar da zai iya huɗawa, kuma da wuya ya yi kuskure. Da ciwon gwiwa ya hana shi tsayuwar yini a kara, wato kasuwar shanu, sai ya kafa rumfa a tsakar gidansa ya koma sassaƙa: ƙotar fartanya, karkiyar shanu, kujerar tsugunno. Hannunsa ya karɓi sabon aikin, amma idonsa bai taɓa barin kara ba. Ko fanka zai saya, sai ya zagaya ta baya ya dube ta.

Autarsa Khairunnisa ta gama karatun ungozoma, ta gabatar da wanda take so, aka sa rana. A zaman da dangi suka yi kan kayan ɗaki, yayar matarsa, Hajiya Ikilima, ta ce a yi saƙon gado daga Kano. Nan take Dabo ya miƙe a gaban kowa ya ce babu kafintan da zai taɓa gadon Auta sai shi, kuma gado mai murɗaɗɗun ƙafafu zai yi, irin wanda ake tsayawa a kalla. Hajiya Ikilima ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce za ta tanadi tabarma saboda tsaro. Bayan an watse, matarsa Haulatu ta gaya masa a fili cewa idan ranar jere ta zo babu gado, dangin ango za su shiga su ga ɗaki fayau, kuma ita da yarinyar ne za su sha kunya a cikin mata, ba shi ba.

Dabo ya sayo tsohon injin murza katako daga wani kafinta da ya rufe shago, injin da ke juya gungume da sauri a sa masa kaifin ƙarfe har ya fito sumul. Wutar unguwarmu kuwa ba ta da alƙawari, saboda haka ya jawo ɗan ƙaramin janaretan gidansa, ya tayar, ya danna makunnin injin. Janareta ya yi tari, ya girgiza, ya mutu. Dabo ya dube shi ta gaba, ya dube shi ta baya, ya yanke hukunci irin na mutanen kara: lafiyarsa ƙalau, kaɗaici ne ya yi masa yawa, domin ba a huɗa da sa ɗaya.

Da hantsi ya yi mini sallama ya ari nawa. Na tambaye shi abin da zai yi da shi, ya ce aboki zai yi wa nasa. Ya jera su kafaɗa da kafaɗa a kan faffaɗan katako, ya ɗaure su da igiya don kada ɗaya ya riga ɗaya, ya murɗe wayoyinsu wuri guda, ya tayar da su. Daga gidana na ji ƙarar. Hayaƙi ya turnuƙe rumfa, kaji suka haye katanga suka faɗo mini, Haulatu ta fito daga madafa da ludayi a hannu tana salati. Da la'asar Dabo ya sa babbar riga ya zo ƙofar gidana, ya zauna, ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, ya ce marigayin bai sha wahala ba.

Dole aka kira Munzali mai gyaran janareta, ɗan kawun Dabo, wato taubashinsa, wanda ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da tsokana ba. Munzali ya ga igiya, ya ga katako, ya zauna a ƙasa yana dariya har hularsa ta faɗi.

"Bawana, saura garma kawai ka ɗaura musu," in ji shi. "Ina ka baro hankalinka, a Mai'aduwa?"

"Rufe mini baki, ɗan baƙin mai. Naka aikin shi ne ka gaya mini wanne ne rago a cikinsu."

Munzali ya share hawaye ya yi masa bayani. Ya ce irin waɗannan janaretoci kowanne da takunsa, ba ya jin na kusa da shi, kuma in an haɗa wayarsu faɗa suke yi har ɗaya ya kashe ɗaya. Ya goge ɗan allon ƙarfen da ke jikin moton injin, ya nuna masa adadin wutar da yake ci, ya ce wannan cinsa ne idan yana tafe. A lokacin tashi kuwa yakan nemi kamar ninki uku. Don haka ba girman jiki ake dubawa ba, kuma ba amon murya ba. Sai dai manyan janaretocin haya duk sun tafi gidajen biki, wanda ya rage a shagonsa matsakaici ne.

Aka kawo matsakaicin a baro. Dabo ya dafa tankinsa ya ce yana da ƙirji. Aka tayar, aka danna makunni, moto ya yi gurnani bai juya ba, janareta ya sunkuyar da murya ya yi shiru. Aka sake, haka. Munzali ya daina dariya, ya ce gaskiya a kira Hajiya Ikilima a yi saƙon Kano tun da sauran lokaci. Khairunnisa tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta ce a hankali, "Baba, ko ba murɗaɗɗun ƙafafu ina so." Wannan maganar ta fi dariyar Munzali yi wa Dabo zafi.

Ya dubi injin, sa'an nan ya tambayi Munzali ko ya fahimta daidai: tashin ne yake gagarar janaretan, ba tafiyar ba? Munzali ya ce haka ne. Fuskar Dabo ta washe. Ya ce ai ko amalanken shanu in ta tsaya a rairayi ba dukan shanun ake yi ba, rage kaya ake yi, a kama ƙafa a tura, in ta ɗauki hanya a mayar da kayan. Ya sa aka kashe fanka da firji da kowane ƙwan fitila na gidan. Ya sassauta bel ɗin da ke haɗa moto da gungume, ya naɗa igiya a faifan moton. Munzali zai tsaya a makunni, shi zai riƙe bel, saura mai fizgar igiya. Haulatu ta ajiye ludayi, ta ɗaure zane, ta ce ita da ta girma tana jan guga ba za a nemo wani daga waje ba.

Ta fizga, faifai ya juya, igiya ta zare, Munzali ya danna. Janareta ya yi nishi, ya yi kamar zai durƙusa, sai ya miƙe. Dabo ya shiga ɗaure bel kaɗan-kaɗan yana lallashi da irin muryar da yake yi wa shanu, har gungumen maɗaci ya fara juyawa, ɓawon katako ya soma tashi yana sauka a kan kowa. Haulatu ta rangaɗa guɗa. Munzali ya rungume Dabo yana cewa shi ya koya masa, Dabo yana cewa ƙarya yake yi.

Daga ranar, kowace safiya sai an yi wannan hidima, kuma labari ya bazu. Matan dangi da suka zo aikin biki suka riƙa sammako don a ba su igiya, har ana gardamar layi. An gama gadon ana gobe jere, fenti bai gama bushewa ba aka ɗora shi a mota.

Maza ba sa zuwa jere, saboda haka Dabo ya yini a rumfa, ya kasa zaune ya kasa tsaye. Da Haulatu ta dawo, sai da ta sha ruwa tukuna. Sa'an nan ta ce Hajiya Ikilima ta hau gadon da dukan nauyinta, ta yi sukuwa a kai, ta kira ƙawayenta masu jiki suka cika shi maƙil, suka kasa kunne, ko ƙis bai yi ba. Dangin ango kuwa durƙusawa suka yi suna shafa ƙafafun suna tambayar daga wace ƙasa aka kawo shi.

"To, Auta fa?" in ji Dabo.

"Ita ta ba su amsa, Malam. Ta ce daga tsakar gidanmu."