Baƙaƙe masu ƙafa

Shekarar da na shiga karatun manya a ƙauyenmu na ƙasar Keita, furfura ta riga ta fara fito mini. Mushe, wato malaminmu, yana rubuta baƙaƙe a allo kamar karan gero, miƙaƙƙu, ba ado. Rani biyu na yi kafin in iya haɗa su.

A rani na uku masu gyaran ƙasa suka zo, za su jera duwatsu a fakon da ke bayan gari don su tare ruwa. Gonar da na gada tana ciki. Aka ba kowane mai gona takarda da Hausa, aka ce mu dangwala yatsa.

Da na duba, sai na ga ba baƙaƙenmu ba ne. Kowane yana da 'yar ƙafa a gindi, wani har da ɗan baki a sama, jikinsa nan kauri nan siriri. Ban yarda da su ba. Kakanninmu sun zauna ƙarƙashin Buzaye, mun san shaidar da ake ƙona wa raƙumi a wuya: a ƙara ɗan zane guda, raƙumi ya zama na wani gida.

Na ce, "Mushe, mu kun koya muna marasa ƙafa, ku kun riƙe masu ƙafa. Mi ƙafar take cewa?"

Ya yi dariya. "Baba, ba ta cewa komi. Ido take taimako, ya bi layi kada ya ɓace."

"In ba ta cewa komi, wa ya biya wahalar yin ta?"

"To, kai ka tambayi Nasara."

Ban dangwala ba. Na kai takardar gida, na share ƙasa a inuwar rumbu, ina kwafe kalma ɗaya ɗaya da tsinke, ina yanke musu ƙafafu. Kwana huɗu na yi. Matata ta ce kaji sun fi ni karanta ta, don su suke bi suna tonewa.

Maganar ba ta sake ba, da ƙafa ko babu. Har na lura a takardar idona ya fi saurin tafiya, kamar mai bin kunyar gona. Amma a bin da na yi a hankali na ga abin da babu: an ce za a jera duwatsu, za a dasa itace, ba inda aka ce gona tana nan ga mai ita.

Na tafi wurin magatakardan masu gyaran ƙasar na faɗa masa. Ya ce ai kowa ya san haka. Na ce takarda ba ta sani ba. Ya ɗauki alƙalami zai ƙara a ƙasa, na dafe takardar.

"A'a, Malam. Sa ta cikin injin buga takarda. Da masu ƙafar nan nike so, irin na sama."

Ya buga, yana gunaguni. Na karanta sau biyu a gabansa, sannan na rubuta sunana da kaina.