Zoben da Malama Balkisu ta bari

Ina layin rijiya a Turba labarin ya riske ni. Wata mai dawowa daga Isa ta ce Malama Balkisu ta faɗi a hanyar kasuwa, ba ta sake tashi ba. Igiyar guga ta suɓuce mini. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya-jiyan nan ta gyara mini riƙon alƙalami, lafiyarta ƙalau.

Ita ta koya mana karatu, mu matan da girma ya riga ya kama. Zagaye muke zama, tabarmarta a tsakiya. Lokacin da fari ya tsananta, maza suka fara cewa a rufe ajin, mata su koma neman ruwa. Takan bi su gida-gida ta ce, "Baba, rijiya ta ƙafe, kada kan matarka ya bi ta."

Wata rana ɗiyata Hassi ta kawo mini kalmar atol daga littafin makaranta, na kasa. Hankalina ya tashi, kada yarinya ta ga karatun uwarta na banza ne. Da na kai wa Malama kalmar, ba ta yi mini dariya ba. Ta taɓa murjanin wuyana, ta ce wannan gidan wasu ƙananan halittu ne na teku. Suna gini kewaye da tsibirin dutse, masu rai bisa gidajen matattu. A hankali dutsen ya nutse, ginin ya rage kamar zobe, ruwa kwance a cikinsa. Shi ne atol. Ta ce sunan daga mutanen tsibiran Maldif ya fito, Musulmi ne irinmu, atolu suke faɗi, Turawa suka ara. Muka yi ta mamaki, mu da ko tafkinmu ya tsage. Inna Rabi, babbarmu, ta ce a aiko mana ruwan tsakiyar, su riƙe sunan.

Bayan an kai Malama, na tabbata ajin ya mutu tare da ita. Ranar karatu na leƙa don in ɗauke allona. Na tarar da mata zaune a zagaye, tsakiya ba kowa. Inna Rabi ta dube ni ta ce, "Uwar Hassi, dutse ya nutse. Zauna, ke za ki fara." Na zauna, na buɗe littafi.

Allah Ya jiƙan Malama, Ya shayar da ita daga Alkausara, Ya ba mijinta da 'ya'yanta haƙuri. Mu kuma Ya ba mu damina, Ya riƙe mana wannan zobe.