Katangar da Ba Ta Kai Layin Baba Issaka Ba

Har gobe ban manta da ranar da aka tura ni awo a Staten Island ba, cikin 2016, ina ƙaramin injiniya a wani kamfani. Ku sababbin shiga aikin injiniya, ku saurara.

Majalisar tarayya ta amince da kuɗin katangar tare ambaliya, amma da sharaɗi: sai dukiyar da za a kare ta fi abin da za a kashe. Wato gidaje ake yi wa kuɗi. Aikina in duba wani layi a kwari, kudu da unguwar St. George, ko ya cancanta.

Tsofaffin gidaje ne marasa daraja. Ina zagawa baya sai na ji ƙamshin shinkafa da wake ta wata 'yar taga dab da ƙasa. Na ƙwanƙwasa, shiru. Sai da na ce, "Salamu alaikum, masu gida," aka buɗe. Baba Issaka ne, dattijo ɗan Kumasi mai tuƙa tasi, da matarsa da jikoki. Ashe duk layin akwai mutane a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ba da sanin hukuma ba. Da sun hango ma'aikaci mai hular kwano irina sai su kashe fitila.

Na koma ofis a fusace. "Oga, akwai mutane ƙarƙashin gidajen nan. Su ruwa zai fara ci."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Rubuta mana, gobe a zo a kore su. Kuma ko ka rubuta, lissafin bai canza ba."

Na koma na gaya wa Baba. Ya riƙe hannuna. "Ɗana, kar ka sa mu cikin rahotonka. Ruwa wata rana ne yake zuwa. In mai gidan ya fitar da mu yau, ina yara za su kwana?"

Gaba kura, baya sayaki. Haka na miƙa rahoto ban ambace su ba. Zanen katanga ya tsaya a kwanar da manyan gidaje suka ƙare.

Bayan wani ruwa mai ƙarfi na leƙa su. Na tarar da Baba cikin ruwa har gwiwa yana kwarfewa da tukunya, an shanya littattafan jikoki kan bene. Ya yi murmushi ya ce, "Alhamdulillahi, ba a kore mu ba."

Wallahi godiyar nan ta fi komai ƙona mini rai. Aikinmu ya san kuɗin bango da rufi, bai san na wanda ke kwance ƙarƙashinsu ba. In an tura ku awo, ku sunkuya ku leƙa tagar ƙasa.